Na sa jikana ya ce kwano ne ya yanke shi

Wani dattijo ne ya turo, ya roƙa a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum jama'ar wannan guruf, manya da yara, maza da mata. Admin Allah ya saka maka da alheri, ka ɓoye sunana da lambata. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, ni ba gwanin waya ba ne, iyakata firamare, da yatsa ɗaya nake dannawa, yau kwana uku ina rubuta wannan ina gogewa.

Da ana mayar da jiya, abu biyu zan warware a rayuwata. Na farko horon da na yi wa wani kare shekara goma sha uku da suka wuce. Na biyu ƙaryar da na saka a bakin jikana tun yana ɗan shekara shida, har yau yana ɗauke da ita saboda ni. Na farkon jahilci ne, na biyun kuwa da hankalina na yi shi, shi ya sa ya fi ci mini rai.

Ni manomin shinkafa ne a ƙasar Bagudo, na haura saba'in, gonata tana fadama ta wajen Lafagu. Duk sunayen da zan faɗa na canza su, har na karen, don a unguwarmu an fi saninsa da ni. Mu ce da shi Duna. Wanda ya san noman fadama ya san bayan an yanke shinkafa takan kwana da yawa a tare a gona kafin a buge ta a kawo gida, to a kwanakin nan in ba ka da kare, ka yi wa wani noma. Karen da nake da shi kafin Duna, nama aka jefa masa da guba, na je da safe na tarar ya sandare, rabin tarin shinkafar kuma babu. Abin ya ƙona ni ƙwarai. Ranar kasuwa na ba wani maharbi labari, mutumin tsallaken iyaka ne ta ƙasar Benin, mun saba gaisawa. Ya yi dariya ya ce karen da ke karɓar loma daga kowane hannu ajalinsa yake jira, in na sami ɗan kwikwiyo in hore shi kada ya ci sai daga hannuna, kada kuma ya bari kowa ya matso kaskonsa. Ya kwatanta mini yadda suke yi.

Haka na yi. Da na samo Duna yana ɗan mitsitsi, sai in ba wani baƙo nama cike da barkono ya miƙa masa, in ya karɓa bakinsa ya yi ta ƙuna, in kuma bi shi da tsumagiya. Ba a daɗe ba ya daina duban abincin kowa. Wannan rabin horon ke nan. Ɗaya rabin shi ne wanda nake jin kunyar rubutawa. Yaran da ke zuwa kalar shinkafa a gona, sai in ba su gyaɗa ko rake, in ce wanda ya iya janye kaskon Duna yana cikin ci shi ne jarumi. Yana ɗaure, suna miƙa hannu suna janyewa, ni kuma ina cuna shi ina cewa kama, kama. In ya zaburo ya yi gurnani sai in shafa kansa in ƙara masa kan kifi. Muna ta dariya ni da yaran. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin abin da nake koya masa ba, wato duk ƙaramin hannun da ya doso kaskonsa abokin gaba ne. A lokacin gani nake na fi kowa dabara.

Kuma maganar gaskiya ya yi mini aiki. Shekara tara ko ƙwaya ba a sake ɗaukar mini ba. An sha jefa masa nama, sai dai in tarar da shi ƙudaje na bi. Shanu in sun ɓalle suka doso gona, haushinsa kaɗai ke mayar da su. Shekarar da kogi ya yi ambaliya ruwa ya shanye hanya, ni da shi muka yi kwanaki a bukka kan tudu, abin da na ci shi ya ci. Ban taɓa shigar da shi ɗaki ba, ban taɓa barin bakinsa ya taɓa ƙwaryata ba, amma sabo sabo ne, wanda bai yi zama da dabba ba ba zai gane ba.

Shekara huɗu da suka wuce gwiwoyina suka ƙi, na bar gonar a hannun wani abokina, mu ce Ɗanjuma, na dawo gida na zauna, na taho da Duna. Matata, Inna ake ce mata a gidan, tun ranar ta ce, "Malam mi kaka nema da kare cikin gida? Wanga abu na daji ne, ka bar shi daji." Na ce ya tsufa, ba abin da zai yi wa kowa, na ajiye masa kasko a gindin rumbu. A gidan akwai babban ɗana, mai kabu-kabu ne, kullum yana kan hanyar Bagudo da bakin iyaka, sai matarsa, 'yar mutanen Kamba, yarinya mai kunya da ladabi, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba. 'Ya'yansu uku yanzu, Sadiƙu mai shekara takwas, Hauwa'u mai shekara biyu da rabi wadda nake ce wa amarya, sai jaririn da ya fara zama.

Bara waccan, da rana tsaka, uban yaran yana kan hanya, matan sun tafi gidan suna, ni da Sadiƙu kaɗai ne a gida. Na zuba wa Duna ƙanzo da ruwan kifi na koma inuwa. Ƙwallon yaron ta gangara ta tsaya jikin kaskon, ya bi ta da gudu ya duƙa. Kafin in buɗe baki Duna ya cafke shi a ƙwauri. Da na daka tsawa ya saki, ya koma ya kwanta yana kaɗa mini wutsiya, yana jiran in shafa kansa kamar yadda na saba. Haƙora biyu sun shiga, ɗaya ya ja fata ya tsaga. Na wanke da ruwan gishiri, na yanko gashin karen na ƙona na kwaɓa da man kaɗanya na shafa, yadda na ga iyayenmu na yi, na ɗaure da tsumma. Yaron yana ta shessheƙa. A nan ne Shaiɗan ya zo mini. Na tuna maganar Inna, na san in uban ya ji a ranar zai kashe karen, na kuma ji nauyin a ce tsoho yana zaune jikansa ya ji ciwo a gabansa. Akwai wani tsohon kwanon rufi jingine a bayan rumbu, bakinsa duk tsatsa. Na ce, "Abokina, in an tambaye ka ka ce kwanon can ne ya yanke ka. In ka ce Duna ne za su kashe shi, ka ga kai ka kashe shi ke nan. Maza ba su tona asirin maza." Ya share hawaye ya ce to. Na saya masa alewa.

Da uwar ta dawo ta ga ƙafa ɗaure, ya ce kwano ne, sai da ta ƙara masa da faɗa, ta ce kullum tana hana shi wasa a bayan rumbu. Uban ya kai shi kemis aka yi masa allurar tsatsa, aka jefar da kwanon. Ciwo ya warke ya bar tabo. Na ce a raina shi ke nan an wuce wurin. Ashe ba a wuce ba. Tun daga ranar Sadiƙu bai sake bi ta gindin rumbu ba, in zai je bayan gida sai ya zagaye ta jikin katanga yana manne da ita kamar ƙadangare. In kare ya yi haushi a layi sai ya ruƙunƙume duk wanda ke kusa. Uban ya yi ta masa faɗa, wai namiji da tsoron karen da ko tashi ba ya iya yi da kyau, 'yan uwansa na unguwa suka sa masa suna Mai-gudun-Duna. Ina zaune ina ji, ban taɓa cewa uffan ba. Wani lokacin har ni ma nakan yi murmushi don kada a gane.

Ita kuwa uwar, tunda a saninta karen bai taɓa yi wa kowa komai ba, ba ta ga dalilin hana Hauwa'u zuwa wurinsa ba. Yarinyar ta tashi tana sonsa. Takan tsuguna nesa kaɗan tana yi masa surutu, tana ce masa Dudu. Ni dai na riƙa ba shi abinci sai lokacin da yara ba sa kusa, na ɗauka wannan ya isa. Wata biyu da suka wuce na zuba masa da hantsi, sai aka yi sallama a zaure, na fita gaisawa. Ban kai ga amsa gaisuwa ta biyu ba na ji ƙarar amarya. Wai kokonta ta ɗauko za ta ɗebi abincin Dudu ta ba 'yar tsanarta. Ya kama ta a tsintsiyar hannu. Allah ya taimaka haƙoransa sun zube saura kaɗan, amma fata ta fashe, jini ya fito.

Muka tafi asibiti, uban ya baro hanya ya same mu. Sadiƙu ya biyo mu riƙe da takalman ƙanwarsa, ba wanda ya lura da shi. Nas ɗin ta daɗe tana wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ta ce cizon kare ba abin wasa ba ne ko da ƙarami ne, akwai allurai da za a yi ta yi wa yarinyar a ranaku daban-daban, kada a tsallake ko ɗaya, don ciwon haukan kare in ya riga ya bayyana a jikin mutum ba a cika tashi ba. Ta ce kada a kashe karen yanzu, a ɗaure shi a sa masa ido kwana goma. Ina jin wannan na tuna gashin da na ƙona na shafa wa yaro. Sannan ta ɗago daga katin da take rubutu ta ce, "Baba, karen naka ne? Ya taɓa cizon wani?" Kowa ya juyo ya dube ni. Na ce, "Bai taɓa ba." Wallahi ban san lokacin da maganar ta fito ba. Sadiƙu yana bakin ƙofa da takalma a hannu, ya dube ni, ya dubi ƙafarsa, ya sunkuyar da kai. Wannan kallon har yanzu yana gabana.

Kwana goma suka cika lafiya. Na kira malamin dabbobi ya zo ya duba Duna ya yi masa allura. Ya ce ba hauka ba ne, tsufa ne, kunnensa ya toshe, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, gaɓoɓinsa na ciwo, ga ruɓaɓɓen haƙori. Ya ce irin wannan karen ba ya jin tahowar yaro, sai dai ya ji an taɓa shi kwatsam, kuma ciwo na rage wa dabba haƙuri kamar yadda yake rage wa mutum. Ya ce ko karen da bai taɓa cizo ba, ba a barinsa da ƙaramin yaro ba babba a wurin, balle lokacin da yake ci ko barci. Shi ma ban faɗa masa horon da na yi ba, na bar shi ya ɗora wa tsufa laifin duka.

Uban yaran ya so ya gama da karen ranar da kwana goman suka cika, har ya yi maganar masu yawo da keji a bayan babur suna sayen karnuka. Surukata ce ta hana. Ba ta iya yi mini magana kai tsaye, ta bakin Inna saƙon ya zo. Wai tunda Baba ya ce shekara goma sha uku bai taɓa cizon kowa ba, to tsautsayi ne, kuma sakacinta ne da ta bar yarinya ta tafi tana wanke-wanke, ba za ta zama sanadin raba Baba da abin da ya saba da shi ba, a dai ɗaure shi. Mahaifiyarta ta bugo daga Kamba ta wanke ta tas, ta ce in ba ta iya kula da yara ba ta kawo mata su. Ina jiyo ta tana ba da haƙuri tana kuka. Jama'a, yarinyar nan ta ɗauki laifina ta aza a kanta, ta kuma kare mini kare da maganar da na san ƙarya ce. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ce bari in raba karen da gidan ba tare da na tona kaina ba. Na ce musu zaman gida ne ya dame shi, gara ya koma gona ya sha iska. Aka ɗora shi a amalanke aka kai wa Ɗanjuma. Kwana shida Ɗanjuma ya kira ni ya ce, "Malam, taho ka ɗauki kayanka, ba ni son ya mace a hannuna. Na ba shi tuwo, na ba shi kifi, har kaza na yanka mai, ko shinshinawa bai yi ba. Ruwa kaɗai yaka sha." Na hau babur da gwiwoyin nan nawa na je. Na tarar da shi kwance a bakin tsohuwar bukkata, haƙarƙari duk a waje. Sai da na kai hannuna hancinsa ya gane ni. Na zauna na ce wa Ɗanjuma ya miƙa masa loma ina wurin, ina shafa shi ina cewa ci, ci, na yarda. Ya kau da kai yana rawar jiki, yana ƙanƙance ido, tsumagiyar shekara goma sha uku yake jira. Da na karɓi lomar nan na miƙa da hannuna sai ya haɗiye. Ɗanjuma ya ce, "To ka gani, kai ka ɗaure shi, kuma ka ɗaure kanka." Na dawo da shi gida.

Yanzu yana bayan rumbu da sarƙa. Na kewaye wurin da zana, awaki sun cinye gindinta, na toshe da ƙaya, sun sake buɗewa. Amarya ba ta ji tsoro ba ko kaɗan, fulasta na hannunta take tambaya ina Dudu. Makon jiya na kama ta ta zura hannu ta ramin zanar da guntun ƙosai. Ga jaririn nan, kafin damina zai fara rarrafe. Na koma mai gadin kare, ba na zuwa majalisa, ko masallaci na je hankalina na gindin rumbu. Na gaji, jikina ya gaji, zuciyata ta fi gajiya. Inna ta dube ni rannan ina gyaran zana ta ce, "Kai da karenka duk kun kurumce, duk kun makance, bambancinku guda, shi bai iya ɓoye abin da ya yi ba." Ta wuce da tsintsiyarta. Ban sani ba ko ta san wani abu ne, ko neman magana ce irin tata. Ban tambaya ba.

Na je wurin limaminmu a kaikaice, na ce wani ne ya aiko ni. Ya ce dabba tana da hakki a kan mai ita, ba a barinta da yunwa ba a azabtar da ita, amma in cutarwarta ga mutane ta tabbata to lafiyar mutum ce gaba. Sai ya ƙara da cewa, ka gaya wa wanda ya aiko ka, in akwai wanda ya zalunta a cikin lamarin ya fara da neman yafewarsa. Na yi godiya na taso.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da shiru shi ne wannan. Ni ma yanar ido ta kama ni, an ba ni ranar da za a yi mini aiki a asibiti a Birnin Kebbi, Laraba mai zuwa ba wannan ba, kuma an ce zan yi kwanaki a can wurin 'yata kafin in dawo. Inna ce za ta raka ni. Shekaranjiya muna cin tuwo ɗana ya ce kada in damu da Duna, Sadiƙu ne zai riƙa kai masa abinci safe da yamma har in dawo, da ma yana neman hanyar da zai cire masa wannan tsoron na banza, ya zama namiji. Na ce karen ba ya cin na kowa sai nawa. Ya ce yunwa za ta koya masa, yaro dai ya ajiye kasko a gabansa ya ɗauko in ya gama. Na ce a bari mu gani. Wato hannun da na koya wa karen nan ya tsana, shi za a tura masa sau biyu a rana, ina can kwance da bandeji a ido.

Jiya Juma'a muna dawowa daga masallaci ni da Sadiƙu, yana riƙe mini da buzu, muka tsaya a inuwar wata bishiyar bedi in huta. Da can yaron nan ba ya barina in sha ruwa, kullum tsokana, Tsoho ka ba ni gadon hularka, Tsoho amaryarka ta ce ba ta son mai furfura. Ya daɗe da dainawa, ni kuma na ce girma ne. Ya yi ta haƙar ƙasa da yatsan ƙafa, can ya ce, "Tsoho, in Baba ya ce in kai ma Duna abinci, in ce mi?" Na ce ba za ka kai ba, ni zan san abin yi. Sai ya ce, "Da na faɗi tun farko, da bai ciji Hauwa'u ba ko?" Na ce ba laifinka ba ne abokina. Ya ce, "To har yanzu kwano ne?" Na ce mu tafi rana na yi. Ashe wata biyun nan yaron gani yake shi ya jawo wa ƙanwarsa, ni ina can ina fama da zana da ƙaya.

Na san dole in yi magana kafin Larabar nan, wannan kam na gama yanke shi a inuwar bedin nan. Yadda zan yi ne ban sani ba, shi ya sa na zo gare ku. In fara da ɗana mu biyu a zaure, ko in tara su duka har da uwar yaran, tunda ita aka fi zalunta, ita aka zaga a kan laifina? A al'adarmu suruki ba ya zama ya ba matar ɗansa haƙuri baki da baki, amma ina ganin in na aika Inna kamar na sake ɓuya ne a bayan wani. In ta ji ta kwashe yaran ta tafi Kamba fa, in ce me, ai tana da gaskiya. Shi kuma Sadiƙu, ya kasance a wurin ya ji da kunnensa na ce ni na sa shi, ko in ɗauke masa wannan zaman? Ina tsoron uban ya juya kansa ya ce don me ya ɓoye, ku da kuka san halin yara ku faɗa mini yadda zan tare wannan.

Sai maganar Duna. Ba zan ba masu keji shi ba, wannan ko za a yanka ni. Ba zan kai shi daji in sake ba, na ga abin da kwana shida suka yi masa. Akwai wani kango a wajen gida jikin zaure, ana iya ɗaga ginin a sa ƙofa mai kwaɗo, makulli a aljihuna, yara ba su ganinsa ba su kai gare shi, in ci gaba da ba shi da hannuna har Allah ya karɓi abinsa. To kwanakin da zan yi a Birnin Kebbi fa, wa zai ba shi ya ci? Ko in ɗaga aikin idon? Malamin dabbobi ya taɓa ce mini akwai allurar da ake yi wa dabbar da ta gaji ta tafi ba wahala. Na kasa tsayar da zuciyata a kan wannan, ina ganin kamar ni na lalata shi kuma ni zan hukunta shi. Amma in masu ilimi a cikinku suka ce shi ne daidai, ku faɗa mini ba sakayawa, zan ji. Wanda kuma ya taɓa ganin an sauya wa tsohon kare irin wannan horon, ya taimaka ya bayyana yadda aka yi.

Wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta, amma bayan zagin ya bar mini shawara ko guda. Roƙona na ƙarshe gare ku, musamman masu kare a gona ko a gida: kada wanda ya cuna kare ga yaro ko da wasa, kare ba ya mantawa, kai ne za ka manta. In ya ciji yaro, komai ƙanƙantar wurin, a wanke a tafi asibiti, a faɗi abin da ya faru yadda ya faru. Kuma don girman Allah kada babba ya ba yaro ajiyar ƙaryarsa. Ni na ba jikana, na saya masa alewa, shekara biyu ke nan yana bin jikin katanga a gidan ubansa. Kada ku yi abin da na yi.